Kafin ka zagi gem, duba zafin tayarka

Akwai wani ƙorafi da kusan duk wanda ya fara buga gem ɗin tseren mota da gaske yake yi, wai zagaye uku na farko motar tana bin hannu kamar an liƙe ta da kwalta, daga na huɗu sai ta koma kamar kana tuƙi a kan sabulu, ka murza sitiyari ta ƙi shan kwana, ka taka totur bayanta ya ƙwace, ga shi kuma in ka kalli alamar taya a gefen allo sai ka ga ko kwata ba ta cinye ba. Daga nan sai a hau gem da zagi, a ce ai lissafinsu ne ya lalace. Ni ma na yi wannan zagin, na daɗe ina yi ma kuwa, kafin in gane cewa abu biyu nake haɗawa waje ɗaya, cinyewar taya daban, zafin taya daban, kuma yawancin abin da muke cewa "taya ta mutu" zafi ne kawai, mu muka dafa ta da hannunmu.

Bari mu fara daga ƙasa. Duk girman mota da ƙarfin injinta, inda take taɓa titi wasu 'yan wurare ne guda huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da wani abu ba. Birki, totur, juyawa, duk ta nan suke bi. Roba kuma hanya biyu take kama kwalta, tana mannewa da fuskarta, sannan tana lotsawa ta shige cikin ƙananan ramuka da tsakuwar da ke jikin kwaltar, irin waɗanda ido ba ya lura da su. Duka biyun sun dogara da zafi. Roba mai sanyi tauri gare ta, ba ta lotsawa, sai ta dinga zamewa a sama. In ta yi zafi fiye da kima kuma sai ta yi laushi ta fara narkewa kamar an shafa mata mai. A tsakanin nan akwai wani ɗan tsaiko inda take aiki sosai. Tayar motocin gasar Formula 1 zafin wajen digiri 100 na Celsius take so, shi ya sa za ka ga an lulluɓe tayoyin da bargo mai wutar lantarki kafin a ɗaura su, kuma shi ya sa direbobi suke yawo da mota hagu da dama kafin a tashi tsere. Gem ɗin da ya amsa sunansa yana kwaikwayon wannan, zagayen farko bayan ka fito da sabuwar taya sai ka lallaɓa ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara fahimtarsa shi ne, taya ba ta riƙe titi sai ta ɗan zame. Eh, haka yake. In ka karya kwana, inda tayar ta kalla da inda take tafiya a zahiri ba ɗaya ba ne, akwai 'yar tazara tsakaninsu, saboda robar da ke manne da ƙasa tana murɗewa tana miƙewa kafin ta saki, kuma wannan murɗewar ce take samar da ƙarfin da ke juya motar. In babu ita babu juyawa. Kana ƙara murza sitiyari tazarar tana ƙaruwa, riƙon ma yana ƙaruwa, har a kai wani ƙololuwa, wanda a tayar tsere yawanci kusurwar tazarar ba ta kai digiri 10 ba. Daga nan fa labari ya canza, duk abin da ka ƙara ba riƙo yake ba ka ba, gurzar ƙasa kawai tayar take yi, riƙon ya tsaya ko ma ya ragu, zafi kuma ya hau. To matsalar ita ce jikin mutum akasin haka yake gaya masa, in mota ta ƙi juyawa hannu da kansa yake ƙara murzawa.

Ni a kwana ta 3 ta filin tseren Barcelona na cikin gem na koyi wannan darasin. Doguwar kwana ce ta dama, mai gudu, kana cikinta kana ba mota wuta na tsawon lokaci, duk nauyin motar yana kwance a kan tayar gaba ta hagu. Lokacin da fad nake bugawa, wato abin buga gem na riƙewa a hannu, kuma ɗabi'ata ita ce in tura 'yar sandar juya motar har ƙarshe in danne ta, ina shiga sai in ji ƙiiii tun daga bakin kwanar har fitarta, ni kuma a raina wai alamar ina gudu ke nan. Zagaye na biyu alamar tayar hagu ta koma ruwan lemo, na uku ta yi ja, kafin na biyar motar ta fara fita waje tana neman tsakuwa, ni kuma ina ƙara dannewa. Rannan dai na kalli maimaicin tseren daga cikin motar wanda ya zo na ɗaya, sai na ga sitiyarinsa bai kai rabin nawa murzuwa ba, ya shiga a hankali fiye da ni, babu ƙara ko kaɗan, amma ya fita da gudun da ya fi nawa. Mota iri ɗaya, taya iri ɗaya. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Sai magana ta biyu, riƙon taya aljihu ɗaya ne. A ce tana da kashi 100, in birki ya cinye 100 ɗin nan to babu abin da ya rage na juyawa, shi ya sa wanda ya danne birki har ƙasa yana murza sitiyari yake wucewa miƙe kamar ba shi da sitiyarin. Haka in kana tsakiyar kwana tayoyin baya suna aikin riƙe gefe sai ka zuba musu totur gaba ɗaya, ka nemi abin da babu, sai katantanwa. Gwanaye suna raba kuɗin ne, suna sakin birki a hankali daidai lokacin da suke ƙara sitiyari, sannan suna ƙara totur daidai lokacin da suke warware shi, a ce ƙafa da hannu igiya ɗaya ta ɗaure su.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta roba da ba kowa ya sani ba. In ka ƙara wa taya nauyi riƙonta yana ƙaruwa, amma ba daidai da nauyin ba, ka ninka nauyi biyu ba za ta ba ka riƙo biyu ba, sai ƙasa da haka. Ma'ana duk lokacin da ka wurga nauyin mota gefe ɗaya da ƙarfi, abin da tayar waje ta samu bai kai abin da ta ciki ta rasa ba, jimilla an yi asara. Wannan ne dalilin da ya sa tuƙin fizge-fizge yake da kyan kallo amma agogo ba ya sonsa, kuma shi ya sa mota mai cikakken tanki a farkon tsere take cin taya fiye da lokacin da mai ya yi ƙasa.

To yanzu mu dawo kan zafin, don nan ne gizo yake saƙa. Gem masu zurfi ba zafi ɗaya suke lissafawa ba. Akwai na fatar taya ta waje, wanda yake hawa cikin sakan ɗaya ko biyu in ka gurza ta kuma ya sauka da wuri in ka samu miƙaƙƙen titi iska ta buge ta, sannan akwai na cikin jikinta, wanda yake hawa a hankali saboda lanƙwashewar da take yi a kowane juyi, in ya hau kuma sauka sai an yi haƙuri. In ka zame sau ɗaya fata ce ta yi zafi, kwana ta gaba ka ɗan sassauta shi ke nan ta dawo. Amma mu ba ma sassautawa, mun ga an tsere mana muna son mu rama, sai mu shiga kwana ta gaba da taya mai zafi da gudun taya mai lafiya, ta sake zamewa fiye da ɗazu, zafin ya ƙaru, ya fara ratsawa ciki, iskar da ke cikin tayar ta buɗe gejin ya hau, tayar ta kumbura tsakiyarta ya turo, wurin da take taɓa ƙasa ya ragu, riƙo ya sake raguwa, haka dai abin yake cin kansa har ka ga kana asarar sakan biyu a kowane zagaye da tayar da robarta tana nan kusan cif. Maganinsa mai ɗaci ne, ka yarda ka yi zagaye ɗaya ko biyu a hankali.

Shi ya sa 'yan Assetto Corsa Competizione ba su da zance sai na iska. Gem ne na kamfanin Kunos na Italiya, motocin tsere na ajin GT3 da tayoyin kamfanin Pirelli, kuma a can in gejin ya kauce ko da kaɗan ne sai ka ji a hannunka. Da can wajen psi 27.5, wato ma'aunin iskar taya, ake nema in taya ta yi zafi, bayan gyaran da suka yi a 2023 aka koma tsakanin 26 da 27. Abin lura, a sanyi kake zuba iskar amma a zafi ake auna ta, don haka saitin da ya yi maka daidai da rana zai ba ka kunya a tseren dare. Sannan suna nuna maka zafi kashi uku a kowace taya, gefen ciki, tsakiya, gefen waje. In tsakiya ya fi zafi iska ta yi yawa, in gefuna biyun suka fi ta yi kaɗan, in gefen ciki ya yi wa na waje nisa sosai to karkatar da aka yi wa tayar ta wuce misali. Duk wannan karatu ne kyauta a allo, mu ne ba ma dubawa.

Ba wai cinyewa ta gaskiya babu ita ba fa, tana nan, kuma kala-kala ce. Mafi saurin faruwa ita ce in ka kulle taya da birki, ta daina juyawa motar tana jan ta, waje ɗaya ya gurje ya shafe. Daga nan taya ta daina zama da'ira, kowane juyi sai ta buga, kuma in ka sake taka birki a daidai wannan shafaffen wurin take son ta sake tsayawa. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna direban Formula 1 Kimi Räikkönen a filin Nürburgring a 2005, shekarar da doka ta hana canza taya a cikin tsere, ya shafe tayar gaba ta dama, ya ci gaba da tafiya motar tana jijjiga, yana kan gaba har zagayen ƙarshe, jijjigar ta karya ƙafar motar, Alonso ya wuce ya ci. A gem mai sitiyari za ka ji wannan bugun a tafin hannunka, dum dum dum, har ƙarshen tsere ko har ka shiga ka canza.

Akwai kuma wadda take faruwa in fata tana gurzuwa alhali jikin tayar bai ɗau zafi ba, robar ta yayyage ta dunƙule ƙanana-ƙanana ta manne a fuskar tayar, sai ka zama kamar a kan ɓarɓashi kake tafiya. Wannan in ka lallaɓa takan share kanta bayan 'yan zagaye. Kishiyarta ita ce in cikin ne ya yi zafi da yawa, sai ta yi bororo, ɓangaren roba ya ɓalle, wannan kam babu gyara. Sannan ga cinyewa ta yau da kullum, roba tana raguwa a hankali, kuma abin mamaki tayar da ta suɗe sosai sanyi take yi, don robar da za ta riƙe zafin ta ƙare. Ƙarshenta kuma an gani a tseren Formula 1 na filin Silverstone a 2020, inda tayar gaba ta hagu ta fashe wa Bottas da Sainz da Hamilton a zagayen ƙarshe-ƙarshe bayan sun daɗe a kan taya ɗaya, Hamilton da taya uku ya ja motar ya tsallake layi ya ci. Dubi dai wace taya ce, ta hagu ta gaba, a fili mai manyan kwanonin dama masu gudu, irin dai tawa ta Barcelona.

Robar da take barin taya ma ba ɓacewa take ba. Wadda ta shafu a kan layin da kowa yake bi tana ƙara wa titi riƙo, wadda ta dunƙule ta gangara gefe kuma santsi ce, in ka fita ka taka ta sai ka yi kwana biyu uku kafin tayarka ta wanke. Gem ɗin rFactor 2 ya yi suna a nan, titinsa yana canzawa ne daidai inda motoci suka bi.

To wai ta yaya kwamfuta take lissafa duk wannan? Nan ne masu yin gem suka rabu gida biyu. Gida na farko suna bin hanyar Hans Pacejka, wani farfesa a jami'ar Delft ta ƙasar Holan, wanda shi da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi a ƙarshen shekarun 1980 da ake kira Magic Formula, wato kamar a ce lissafin siddabaru. Sunan ya dace, don lissafin bai damu da dalilin da ya sa roba take yin abin da take yi ba, ana ɗora taya ta gaske a kan injin gwaji a auna ta, sannan a daidaita wasu lambobi har layin lissafi ya hau kan layin awo. Yana da sauƙi ga kwamfuta, kuma a inda aka auna yana faɗin gaskiya. Matsalarsa sai an fita daga inda aka auna. Misali in mota ta kusa tsayawa cak lissafin yana rikicewa saboda akwai rabawa da gudu a cikinsa, gudun kuma ya zama sifili, shi ya sa a wasu tsofaffin gem za ka ajiye mota a gangare da birki ka ga tana silalewa a hankali ko tana karkarwa.

Gida na biyu suka ce a'a, a gina tayar kanta a cikin kwamfuta, roba da wayoyin cikinta da iskarta, a bar ɗabi'ar ta fito da kanta. Dave Kaemmer, wanda ya yi gem ɗin Grand Prix Legends a 1998 sannan ya zo ya kafa iRacing da aka buɗe a 2008, wannan hanyar ya bi, ya shafe shekaru yana sake fasalin tayarsa, kuma 'yan gem ɗin sun shafe shekarun nan suna gardama a kan ko tana yafe zamewa kamar ta gaske ko tana hukunci fiye da kima. Live for Speed, wanda mutum uku kacal suka yi tun farkon shekarun 2000, tun a lokacin kana ganin taya tana lanƙwashewa tana shafewa waje ɗaya. Har yawan wuraren da taya take "jin" titi ana gasa a kai, Kunos sun koma maki biyar, wato wurare biyar, a kowace taya a 2019, Forza Motorsport na 2023 kuma suka ce nasu takwas ne ana lissafawa sau 360 a sakan, alhali da can maki ɗaya ne sau 60. Amfanin wannan a gefen titi mai fentin ja da fari ake ganinsa, taya mai maki ɗaya ko dai tana kai ko ba ta kai, sai motar ta yi tsalle ba dalili.

Ni dai ra'ayina, yawan lissafi ba shi ne gaskiya ba. Kamfanonin taya suna ɓoye sirrin haɗin robarsu kamar me, ko ƙungiyoyin tsere na gaske ba komai ake ba su ba, don haka duk mai yin gem akwai inda yake cike gurbi da hasashe da kuma abin da direbobi suka gaya masa. Gini mai zurfi da aka ciyar da lambobin da ba daidai ba zai iya kasa lissafi mai sauƙi da aka daidaita da kyau. Shi ya sa gardamar wane gem ne ya fi gaskiya ba ta ƙarewa, kuma yawancin masu yin ta, har da ni, ba mu taɓa zama a motar tsere ba balle mu ce ga yadda take.

Wani abin kuma da gangan ake karkatar da shi. A Gran Turismo 7 akwai inda ake ninka saurin cinyewar taya da shan mai, don tseren minti ashirin ya samu dabarar da a zahiri sai an yi awa biyu ake ganinta. Wannan ba kuskure ba ne, zaɓi ne, kuma shi yake sa zaɓen taya ya zama lissafi. Ɗauki misali na ƙirƙira, a ce mai laushi ta fi matsakaiciya sauri da sakan 1 a zagayen farko, amma kowane zagaye wannan ribar tana raguwa da 0.2. A zagaye na 6 sun yi kunnen doki, ka tara sakan 3. Daga nan ka fara biya, kafin ƙarshen zagaye na 11 ka mayar da ukun nan duka. In kuma shiga canza taya yana cin sakan 20, to ƙarin tsayawa ɗaya saboda son mai laushi ya cinye ribar har ya bi ka bashi. Amma fa lissafin yana juyawa in kana maƙale a bayan wani ka kasa wuce shi, ka riga shi shiga da zagaye ɗaya, ka fito da sabuwar taya ka zuba gudu lokacin da shi yake fama da tsohuwa, in ya shiga ya fito sai ya gan ka a gabansa. A gem ɗin Formula 1 ma dole ce take sa ka, don dokar tseren ta ce in babu ruwa sai ka yi amfani da kalar taya biyu, ja mai laushi, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri.

Saura tambayar da ta fi damun mai zama a kujera a ɗaki, ta ina zan san na kai ƙololuwar nan? Direba na gaske da jikinsa yake ji, bayansa da kunkuminsa suna gaya masa mota ta fara zamewa kafin idonsa ya gani. Mu ba mu da wannan. Mai sitiyari irin su Logitech G29 ko Fanatec yana da abu ɗaya mai daraja, yayin da tayar gaba take kama titi tana ƙoƙarin miƙe kanta, shi ne nauyin da kake ji a hannu, kuma wannan nauyin yana fara raguwa tun kafin riƙon ya kai ƙarshe, don haka in ka ji sitiyari ya yi sakayau a tsakiyar kwana, saƙo ne, ka tsaya haka. Da yawa suna ƙure ƙarfin sitiyarin har sama wai don ya yi kamar gaske, sai komai ya zama nauyi iri ɗaya saƙon ya ɓace. Mai fad kuma kunne ne jarinsa. Ni abin da na yi shi ne na rage ƙarar inji a saiti, na kashe kiɗa, na ɗaga ƙarar taya. Yanzu in na shiga kwana ta 3 ɗin nan ina sauraron wani ɗan siririn kuka ne, in ya fara kauri sai in sassauta sandar kaɗan in jira hancin motar ya dawo ciki kafin in ƙara wuta. A tseren da na yi na ƙarshe a can tayar hagun ba ta yi ja ba sai a zagaye na 12, shi ma don na tsaya kokawa da wani ne a kwana ta 1 na shigo ta 3 a karkace.